Jarkar da ke bayan ƙofar ɗakin samari

 A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar yadda ake ajiye magunguna a lokacin zafi. Ku yi mini haƙuri, wata magana ta sha gabanta, kuma ina ganin bai kamata ta kwana ba.

Ranar wata Talata da la'asar, wata baiwar Allah da ta daɗe tana sayen maganin suga a wurina a nan Agege ta shigo kanti. Ta zauna a benci har layi ya ƙare, sannan ta matso ta miƙo mini wayarta ba tare da ta ce komai ba. Hoton wata farar jarka ce mai cin lita 20, cike da wani ruwa mai launin zumar da aka tsinka. An huda murfin an soka siririn bututun roba, ɗaya bakin bututun yana cikin gorar ruwa. A gefe ga ma'aunin zafi, ga wata 'yar leda mai rubutun Turanci. Ta ce a bayan ƙofar ɗakin samarinta ta gani da ta shiga kwaso wanki. Babban, wanda ya gama karatun kimiyyar abinci yana jiran a kira shi bautar ƙasa, ya ce mata gwajin makaranta ne. Ƙaninsa ne ya fasa ƙwai: giya yake haɗawa, wata iri da ake kira pilsner, kuma a YouTube ya koya.

Ta ce, “'Yata, ni abu ɗaya nake so ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wannan abin zai makantar mini da ɗa?”

Ta amince in kawo labarin nan bisa sharaɗin ba suna, ba layi. Abin da addini ya ce game da giya ta fi ni sani, kuma ba shi ta zo tambaya ba. Shafin nan ma Musulmi na karanta shi, Kirista na karanta shi, kowa yana da malamansa. Nawa fagen shi ne abin da ke faruwa a cikin jarkar, da abin da zai faru idan ya shiga cikin mutum. Kuma zan faɗa muku yadda na faɗa mata, har da ɓangaren da ba lallai ya yi wa iyaye daɗin ji ba.

Mu fara da sanin abin. Pilsner ta samo sunanta ne daga garin Pilsen, a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. A shekarar 1842 wani ɗan Bafariya mai suna Josef Groll ya dafa ta a karon farko a can, ta fito garau mai ruwan zinariya a zamanin da yawancin giyar Turai baƙa ce ko mai duhu-duhu. Daga ita ne akasarin giyar kwalba da ake tallatawa a manyan allunan Legas ta samo asali. Irin wannan giya ce ake kira laga, kalmar da ta fito daga Jamusanci, ma'anarta ajiyewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan haɗin huɗu ne kacal. Akwai ruwa. Akwai sha'ir da aka jiƙa ya yi tsiro sannan aka busar, kamar dai yadda wasu iyayenmu ke tsirar da dawa ko gero don kunu ya yi zaƙi ba tare da sukari ba. Akwai furen wata shuka mai yaɗo da Turawa ke kira hops, wanda ke ba da ɗaci da ƙamshi. Sai yis, ɗan'uwan wanda kike zubawa a ƙullin waina ko fanke. Ana jiƙa garin tsiron a ruwa mai zafin wajen digiri 65 na kimanin awa ɗaya, sitacin ya narke ya koma sukari. A tace, a tafasa da furen nan, a huce, a zuba yis. Yis ya cinye sukarin ya fitar da abu biyu: barasa, wadda mu a harhaɗa magunguna muke kira etanol, da iskar kabon. Wancan bututun da Hajiya ta gani hanyar fitar iskar ce. Ban ba da ma'auni ba kuma ba zan bayar ba, amma kada mu yaudari kanmu, duk yaron da ke da data ya riga ya fi ni sanin ma'aunin.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Burukutu da fito da dawa ake yin su tun kaka da kakanni. A 1949 aka fara dafa laga a masana'anta a nan Legas, kuma da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar manomanmu kamfanoni suka koma saye.

To, ina matsalar ɗan Hajiya? Yis ɗin laga ɗan sanyi ne. Yana son ya yi aikinsa a tsakanin digiri 8 zuwa 12 na wajen mako biyu, bayan haka a ajiye giyar kusa da sanyin ƙanƙara na tsawon mako huɗu zuwa shida. A Pilsen ramuka suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa don wannan, suna taimaka musu da ƙanƙarar da aka sara a lokacin hunturu. Ɗakin samari a Agege kuwa yana wasa ne a wajen digiri 30, ga ɗauke wuta. Na tambaye ta ko akwai firji a ɗakin. Ta ce babu, sai dai ta lura kwana biyu ƙanƙarar da take sayarwa tana raguwa ba ciniki. Ashe bawan Allah yana kewaye jarkar da ita ne da dare, kafin azahar ta narke.

Idan yis ya yi aiki a cikin zafi haka, yana gaggawa, ya fitar da wasu nau'o'in barasa masu nauyi da wari irin na sinadarin goge farce. Ƙwayoyin da ke sa kunu tsami su ma su samu ƙofa. Abin da ke cikin jarkar nan ba pilsner ba ce, ko da ya kira ta haka.

Yanzu ga amsar tambayarta. Na ce mata, “Mama, wannan da ke cikin jarka, in dai hatsi da yis ne kawai, da wuya ƙwarai ya makantar da shi.” Na ga ta sauke ajiyar zuciya, sai na ce ta dakata, ban gama ba.

Abin da ke makantarwa sunansa metanol. Ɗan'uwan etanol ne, launinsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya bambance su. A wajen tsimuwa yana fitowa ne galibi daga wani sinadari da ke cikin ɓawo da tsokar 'ya'yan itace, shi kuwa hatsi ba shi da wannan sinadari sai ɗan kaɗan. Shi ya sa giyar hatsi da ba a yi mata komai ba ba a san ta da makantarwa ba. Na san wasu za su so in ce wa yaran “za ku makance” a wuce wurin. Ba zan ce ba. Yaron da ya karanta kimiyya zai gane ƙarya ce cikin minti biyar, daga nan kuma duk abin da muka faɗa masa, har da na gaskiya, ya zama tatsuniya a kunnensa.

Inda metanol ke shigowa shi ne mataki na gaba. Yis yana da iyaka: idan barasa ta kai wajen kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, shi kansa ba ya iya ci gaba. Wanda ke son abin da ya fi haka ƙarfi hanya biyu gare shi. Ko dai ya ɗora a wuta ya tatsi tururin, yadda ake yin ogogoro, wanda ke tattara duk abin da ke ciki, mai kyau da marar kyau, wuri guda. Ko kuma ya sayo sifirit ya ƙara. Wannan ta biyun ita ce ta fi kisa. Sifirit ɗin masana'antu, da irin wanda muke sayarwa don goge fata kafin allura, da gangan ake gurɓata su don kada a sha, kuma sau da yawa da metanol ake gurɓatawar. Matashin da ya yi wata guda yana jiran giyarsa, ya ɗanɗana ya ji tsami ba ƙarfi, abokai kuma suna masa dariya, shi ne wanda wani zai ce masa “ɗan ƙara mata wuta mana”.

Waɗanda suka daɗe a Kudu za su tuna watan Afrilun 2015, lokacin da mutane suka riƙa faɗuwa a Ode-Irele ta Jihar Ondo. Ciwon kai, ido ya dushe, cikin kwana ɗaya sai gawa. Aƙalla mutum 18 suka rasu a kwanakin farko. An ta yaɗa cewa fushin abin bauta ne, wasu suka ce wata sabuwar annoba ce, kafin bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Wata biyu bayan haka irin wannan ta faru a Jihar Ribas, waɗanda suka rasu suka haura 60.

Cokalin shayi biyu na tsantsar metanol, wato mililita 10, na iya ɗauke ganin mutum har abada. Babban cokali biyu na iya kashewa. Mugun halinsa shi ne jinkiri. Mutum ya sha da dare, ya yi maye irin wanda aka saba, ya kwanta, ya tashi kamar lafiya. A can ciki hanta tana juya shi zuwa wani asid mai cin jijiyar ido. Sai bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci ma fiye, alamu su fara: ciwon kai mai tsanani, amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama da sauri, da gani dishi-dishi kamar mutum na cikin hazon hunturu. Duk wanda ya sha wani abin da aka haɗa a gida ya ce idonsa na hazo, kada a ba shi madara, kada a ba shi manja, kada a ce ya kwanta abin zai sake shi. A kai shi babban asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya sha, kuma a faɗa wa likita gaskiya. Akwai magani, har da wankin jini da na'urar wankin ƙoda, amma yana aiki ne idan an zo da wuri. Na ga iyalan da suka ɓoye wa likita abin da ɗansu ya sha saboda kunya, aka ɓata awanni ana neman zazzaɓin cizon sauro.

Ko an ajiye metanol gefe, jarkar ba ta wanku ba. Giyar kamfani an rubuta ƙarfinta a jiki, galibi wajen kashi 5 cikin ɗari. Babbar kwalba ɗaya tana ɗauke da barasa kimanin giram 24, wanda hantar babban mutum ke buƙatar wajen awa uku kafin ta gama da shi. Ta gida ba ta da rubutu. Idan mai haɗawa ya ƙara sukari don ya huta da tsadar sha'ir, tana iya ninka haka ba tare da shi kansa ya sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa ƙarara a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Wannan ya shafi ta kwalba da ta jarka baki ɗaya.

Inda abin ya fi damuna a matsayina na mai ba da magani shi ne haɗuwarta da abin da ke cikin durowarku. Flagyl, wanda kusan kowane gida ke da shi saboda gudawa da ciwon haƙori, ba a haɗa shi da barasa yayin shansa da kuma kwana biyu bayan gamawa, don yana iya jawo amai, bugun zuciya da jajayen fuska. Farasitamol da ake watsawa don ciwon kan washegari ta hanta yake bi, ita ma barasa haka. Mai shan maganin tarin fuka hantarsa tana ɗauke da kaya tun farko. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid, sugansa na iya faɗuwa cikin barci, a ɗauka maye ne. Sai mafi muni: taramol, kodin da ƙwayoyin barci. Kowannensu yana rage numfashi, barasa ma haka, in sun haɗu mutum na iya yin barcin da ba a tashi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma da yawa ba su sani ba. Na tambayi Hajiya ko an taɓa gwada ɗanta. Ba a taɓa ba.

Sai na tambaye ta abin da ya sa ta zabura: “Yara ƙanana nawa ne a gidan?” Jikoki biyu, ɗaya shekara huɗu, ɗaya shida. Mai haɗa giya a gida ba shi da kwalaben kansa. A gorar lemo ko ta maltina yake ɗurawa, kuma tunda sanyi yake nema, ƙarshenta firjin gida za ta shiga, kusa da zoɓo. Ruwa ne mai launin lemon tuffa, mai kumfa. Jikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar barasa yadda na babba ke yi. Kaɗan ta isa ta kayar masa da suga har ya suma ko ya yi jijjiga. Yaron da aka samu yana layi, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, ko jikinsa ya yi sanyi, a shinshina bakinsa, a nufi asibiti.

Akwai kuma kwalbar kanta. Idan aka rufe ta yis bai gama cin sukari ba, iska na ci gaba da taruwa a ciki. Duk wadda ta taɓa mantawa da gorar kunun zaƙi a mota ta san yadda take kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi feshi har rufi. Aikin yis ne da 'yan'uwansa, kuma shi ya sa nake cewa kunu da zoɓo a yi na yini, a sa a sanyi, wanda ya kwana a waje ya fara kumfa da yaji-yaji a harshe a zubar. To ku auna hakan a kwalbar gilashi, a ɗakin da zafinsa ya kai digiri 30. Fashewa take yi, gilashin kuma ido da fuska yake nema. In akwai hanyar da jarkar nan za ta taɓa idon ɗan Hajiya a wannan mataki, wannan ce.

Jarka ma abin tambaya ce. Waɗanda ake sayarwa na hannu a kasuwa, wa ya san abin da suka fara ɗauka? Roba tana riƙe maganin ƙwari da sinadaran masana'antu, wanki da omo ba ya fitar da su duka, barasa kuwa gwana ce wajen narkar da abin da ruwa ya kasa. Haka hatsin: idan aka sayi mai araha da ya yi fumfuna a ajiya, gubar aflatoksin da ke cikinsa tafasa ba ta kashe ta, kuma ita ma hanta take nufa.

Hajiya ta ce to yanzu ta je ta kifar da jarkar ke nan? Na ce jarkar mai sauƙi ce tunda tana da hanyar fitar iska, a tuttular a makwarara a kora da ruwa. Amma ta fara tambayarsa ko ya riga ya ɗura wasu a kwalba, da inda ya ɓoye su. In akwai, kada a girgiza, kada a bari yaro ya ɗauka. A sa su a ruwan ƙanƙara su yi sanyi sosai, a naɗe kowace da tawul mai kauri, a kawar da fuska, a sassauta murfin a hankali. Kuma na roƙe ta kada ta yi hakan a bayan idonsa. Jarka dubu nawa ce? Gobe zai sayi wata ya kai ɗakin aboki, inda babu uwar da za ta shiga kwasar wanki.

Na ba ta tambayoyi uku ta yi masa, ba a gaban ƙannensa ba. Ya fara sha ne, ko haɗawar ce ke burge shi? Akwai wanda ya ba shi shawarar ƙara wani abu a ciki? Yana shan wata ƙwaya? Amsoshin ne za su nuna ko matashi ne mai ilimi da zaman banza ya ishe shi, ko kuwa wanda ya riga ya shiga wani hali yana buƙatar likita. Waɗannan biyun ba magani ɗaya gare su ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum ma ba a ce masa ya daina dare ɗaya ba tare da kulawar asibiti ba, domin yankewa kwatsam na iya jawo karkarwa da jijjiga.

Bayan kwana tara sai ga su tare. Dogon saurayi, kansa a ƙasa, ya gaishe ni da “Anti, ina wuni.” Na ce ya zauna. Ban yi masa wa'azi ba, na tambaye shi ne a digiri nawa yis ɗinsa ya yi aiki. Ya ɗago da mamaki, ya ce ya yi ƙoƙarin riƙe shi a 18 amma da rana yana haurawa 27. Ya ce ya ɗanɗana sau biyu, tsami kamar ruwan tsamiya. Na tambaye shi maganar ƙara wuta. Ya yi shiru, sannan ya ce wani abokinsa ya ce akwai inda ake sayar da sifirit a galan, arha, amma bai kai ga zuwa ba. Mahaifiyarsa ta dube ni, ni ma na dube ta.

Kwalabe bakwai ya riga ya ɗura. Shida suna ƙarƙashin gado. Ta bakwai tana cikin firjin falo, a gorar maltina, a shiryayye na ƙasa.

Na rubuta masa takardar gwajin ciwon hanta nau'in B, ya je ya yi, sakamako ya fito ba ya ɗauke da shi, kuma ya karɓi allurar rigakafi ta farko cikin uku. Ta biyu sai wata mai zuwa. Hajiya ta ce ita za ta riƙe katin.